Gidan haya da jan wuta a Kano: abin da bireka ba ta yi, da abin da RCD ke yi

Duk wanda ya taɓa bin dillali neman gidan haya a Kano ya san tambayoyin da ake jerowa. Akwai rijiya ko burtsatse? Banɗakin na ciki ne ko na haɗaka? Unguwar tana samun wuta? Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗi a watan Afrilun 2024, an samu ƙari: layin nan wane rukuni ne, kuma mita ce mai kati ko bil ake kawowa? Duk tambayoyi ne masu ma'ana, amma a kan samun wutar suke da kuɗinta. Da wuya ka ji wanda ya ce a buɗe masa akwatin birekoki ya gani, ko a nuna masa inda aka binne ƙarfen atin, wato sandar da ke kai wutar da ta zubo cikin ƙasa. A biya kuɗin shekara, a biya la'ada, a kwaso kaya a tare. Sai ranar da uwargida ta taɓa murfin firiza da jiƙaƙƙen hannu ta ji an fizge ta, sannan maganar wayarin ta taso.

Ko a ranar ma ba ta tasowa da gaske. Abin da aka saba shi ne a shimfiɗa katako ko buhu a gaban firizar, a ja wa yara kunne, a kafa doka cewa sai da silifa ake taɓa ta. Daga Kurna zuwa Dorayi, daga Brigade zuwa Sheka, akwai gidajen da aka yi shekaru ana zaune da wannan dokar, har an daina ɗaukarta a matsayin matsala.

Maganar da nake son warwarewa ita ce: kusan duk abin da ke cikin akwatin wutar gidajenmu an sa shi ne don ya kare waya da kayan gida. Abin da ke kare jikin mutum daban ne, sunansa RCD, na'ura ce mai yanke wuta da zarar ta zuba ta jikin mutum ko na ƙarfe, ƙarami ne, ba shi da tsadar a zo a gani, kuma shi ne aka fi tsallakewa a gidan haya, domin mai gida ba ya kwana a ciki, ɗan haya kuma yana ganin gidan ba nasa ba ne.

Ɗan lissafin da ba makawa

Wutar da KEDCO ke kawo wa gidaje, a ƙa'ida, bolt 230 ce. Amma ba ƙarfin bolt kaɗai ke kisa ba. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, da hanyar da ta bi, da tsawon lokacin da ta ɗauka. Ana auna wannan da amfiya, kuma amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce. A wajen miliamfiya 1 mutum ke fara jin tsikari. A wajen 10 naman hannu yake ƙagewa, ya kasa sakin abin da ya kama, wanda shi ne ake cewa wuta ta riƙe shi. Daga 30 zuwa sama numfashi na iya sarƙewa idan abin ya ɗauki lokaci. Tsakanin 50 da 100, idan ta bi ta ƙirji, bugun zuciya na iya rikicewa, ta koma karkarwa kawai ba ta tura jini. Daga nan sauran mintuna ƙalilan.

Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, shi ya sa wani zai taɓa waya ya yarfe hannu ya yi dariya. Jiƙaƙƙen jiki kuwa, ba takalmi, a kan siminti mai laima, turjiyarsa, wato ƙarfin tare wutarsa da ake aunawa da om, na iya sauka zuwa om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka samu miliamfiya 230, wato ninki biyu da ɗoriya na abin da ke tsayar da zuciya. Mu kuma mutane ne masu jiƙa hannu da ƙafa sau biyar a rana don alwala, ga gumin watan Afrilu da Mayu, ga laimar Agusta da ke hawa bango, ga wanki da wanke-wanke a tsakar gida kusa da soket ɗin injin jan ruwa.

Yanzu dubi birekar da ke kan layin soket, wadda aka rubuta wa 20 ko 32 a jiki. Ma'anar lambar ita ce ba za ta faɗi ba sai wutar da ke bi ta cikinta ta zarce amfiya 20 ko 32. Mutumin da wuta ke kashewa yana jan ƙasa da rubu'in amfiya ɗaya, bai kai abin da fankar sama guda ke ja ba. A wajen bireka, babu abin da ya faru. Haka fis ɗin cikin fulogi mai amfiya 13, haka katawut. Aikinsu shi ne su yanke wuta idan lodi ya fi ƙarfin waya ko wayoyi biyu suka haɗu, don kada a yi gobara. Aiki ne babba, amma ba shi ne tsaron rai daga shokin ba. Sitabilaiza ma, da mutane ke ganin kamar ta gama komai, talabijin da firij take karewa daga hawa da saukar wuta.

Atin: wayar da ake rubutawa a lissafi, ba a ja ta a bango

Soket ɗinmu ido uku gare shi. Biyu na ƙasa su ne na wayar wuta da ta dawowa, waɗanda masu gyara ke kira layif da nutural, ja da baƙa a tsohon tsari, ruwan ƙasa da shuɗiya a sabo. Idon sama na wayar ƙasa ne, koriya ko koriya da ratsin rawaya. Ita ke haɗa jikin ƙarfen firiza, dutsen guga, injin wanki da hitar banɗaki da wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Idan rufin wata waya ya ci a cikin na'ura har ta taɓa jikin ƙarfen, wutar ta samu hanyar gudu zuwa ƙasa tun kafin hannun mutum ya zo.

A gidajen haya da yawa waya biyu kawai aka ja, domin nadin waya na uku kuɗi ne, kuma babu mai gani bayan an yi filasta. A wasu, koriyar tana cikin soket, amma idan ka bi ta sai ka tarar ta ƙare a cikin silin ba ta je ko'ina ba. A wasu an binne guntun rodi maimakon sandar tagulla, tsatsa ta cinye shi tun tuni. Wasu kuma an yi komai daidai, daga baya aka zo gyaran kwata ko ƙarin shago a jikin gidan, lebura ya datse wayar da diga, ko 'yan jari-bola suka yi gaba da tagullar. Ɗan haya ma yana da nasa: a tura murfin biro a idon sama don fulogi mai ƙafa biyu ya shiga, ko a sayo ekstenshan mai araha wanda idan ka kwance shi ba ko silin waya a ƙafar atin.

To a ce atin ɗin yana nan. Shi kaɗai ya wadatar? Nan ne mutane da yawa, har da wasu masu sana'ar, suke tsayawa da wuri. Ƙasa ba tagulla ba ce, tana da tata turjiyar, kuma turjiyar tana ƙaruwa idan ta bushe. Sandar da ke aiki lafiya a watan Agusta na iya zama kusan hoto a watan Maris, bayan wata biyar ba ɗigon ruwa. Al'adar zuba gawayi da gishiri a ramin tana taimakawa da farko, sai dai gishirin yana wankewa da damina, yana kuma cin ƙarfen. A ɗauka turjiyar sandar om 100 ce, wanda ba abin mamaki ba ne a busasshiyar ƙasa mai yashi. Waya ta taɓa jikin firiza, wutar da za ta gudu ƙasa ita ce 230 a raba da 100, amfiya 2.3. Bireka mai 20 ko motsi ba za ta yi ba. Wutar za ta yi ta zuba, mita tana cin kati, jikin firizar kuma yana ɗauke da kusan cikakkiyar wuta yana jiran mai taɓawa. Saboda wannan giɓin aka ƙirƙiro RCD.

Yadda take aiki

Dabarar ba ta da wuya. Duk wutar da ta shiga gida ta layif, dole ta koma ta nutural, daidai wa daida. RCD tana zaune a bakin hanya kamar mai gadin ƙofa da ke ƙirga masu shiga da masu fita. Wayoyin biyu suna ratsa wani zoben ƙarfe a cikinta, kuma muddin abin da ya shiga shi ya fita, ƙarfin maganaɗisunsu yana kashe juna. Da zarar an samu giɓi, to wutar ta bi wata hanya ke nan: ta jikin firiza, ta jiƙaƙƙen bango, ko ta ƙafar yaro. Idan giɓin ya kai miliamfiya 30, sai ta yanke. Ƙa'idar ƙera ta ita ce ta faɗi cikin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa a kan wannan adadin, idan kuma zubar ta kai ninki biyar, wato 150, cikin kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa.

Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1950 injiniya Henri Rubin ya ƙera irinta mai saurin ji a Afirka ta Kudu saboda ma'aikatan ramukan haƙar zinare, a 1961 kuma Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito da samfurin da Amurka ke amfani da shi, wanda suke kira GFCI, mai faɗuwa a wajen miliamfiya 5.

A shagunan kayan wuta na Sabon Gari sunan da aka fi sani shi ne ELCB, duk da cewa asalin ELCB tsohuwar fasaha ce da ta dogara kacokan a kan wayar atin, an kuma daina yayinta. Abin da kake nema zai zo da ɗaya daga sunaye biyu. RCCB tana lura da zubar wuta kawai, don haka sai an haɗa ta da birekoki. RCBO kuma ta haɗa aikin biyu a jiki ɗaya, zuba da lodi. Alamar gane su ita ce ɗan maɓalli mai harafin T a fuska, da rubutun 30mA ko 0.03A, wato miliamfiya 30. A lura da wannan lambar sosai. Akwai masu 100mA da 300mA, kamanninsu ɗaya, kuma mai shago zai iya cewa sun fi ƙarfi, ba sa yawan faɗuwa. Gaskiya ne ba sa yawan faɗuwa, domin an yi su ne don rigakafin gobara da kare babban layi. Ba a lissafa su cikin masu kare mutumin da ya taɓa wuta.

Kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Ba ta hana jin shokin, lokacinsa take gajartawa. Idan akwai atin mai kyau, tana faɗuwa tun lokacin da wayar ta taɓa ƙarfe, ba wanda ya ji komai. Idan babu atin, za ta yi aiki, amma sai jikin mutum ya zama hanyar, ya sha fizga ɗaya kafin ta yanke. Shi ya sa ake son su biyun tare. Wanda ya kama layif da hannu ɗaya, nutural da ɗaya, yana tsaye a kan busasshen abu, ba ta ganinsa, domin abin da ya shiga ya fita. Haka kuma ba ruwanta da irin wutar nan da ke zuwa da ƙarfi ta ƙone kayan unguwa guda, wadda galibi tsinkewar nutural a layin taransifoma ke jawowa, har bolt ya doshi 400 a wasu gidaje. Wannan na'urarsa daban ce, mai yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa.

Dalilin da ake cire ta

Labarin da ake yawan ji shi ne: an sa, ta dame mu da faɗuwa, mai gyara ya zo ya ce ba ta jituwa da wutar Najeriya, ya zagaye ta da waya. Har yau tana nan a akwatin, fes da ita, ba ta haɗe da komai.

Ƙarancin wuta ko yawan ɗaukewa ba su ne ke faɗar da ita ba. Idan tana faɗuwa, a mafi yawan lokuta gaskiya take faɗa: akwai inda wuta ke zuba. Wani lokaci hita ce ko dutsen guga da cikinsu ya tsufa. Wani lokaci haɗin waya ne da aka naɗe da salatif aka tura cikin bango, damina ta zo bangon ya sha ruwa. Wani lokaci soket ɗin waje ne ko fitilar ƙofar gida da feshin ruwa ke shiga. Akwai kuma laifin wayarin tun asali, kuma shi ya fi yawa a gidajen da aka yi ta ƙara wa ɗaki bayan ɗaki: nutural ta taɓa atin a wani wuri, ko an aro nutural daga layin maƙwabcin ɗaki don a rage tsawon waya. Wutar ta shiga ta RCD ɗinka ta koma ta wata hanya, ita kuma ta ga giɓi ta yanke.

Gano wurin aiki ne na haƙuri. A cire komai daga soket, a kashe birekoki duka, a tayar da RCD, a riƙa kunna layi ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ke kayar da ita, sannan a auna rufin wayoyin da na'urar awo. Wanda kayan aikinsa testa ce da filaya kawai ba zai iya ba, kuma kuɗin da aka yi ciniki da shi bai kai na yinin da zai ɓata ba. Zagayewa minti biyar ce. Ban ɗora wa masu gyara laifin duka ba, don mai gidan da ya ce a yi masa mai sauƙi shi ya zaɓi abin da aka yi masa.

A gidan haɗaka, mai ɗakuna shida ko takwas a kan mita ɗaya, sa RCD guda a kan gidan gaba ɗaya neman rigima ne. Hitar mutum ɗaya za ta jefa kowa cikin duhu, a fito tsakar gida ana nuna wa juna yatsa, kafin mako ya zagayo an yi ittifaƙi a cire ta. Ga shi kowace na'ura tana da 'yar zubar da ba ta kai komai ba, amma idan aka tara na gida takwas sai ta kusa kai 30. Abin da ya dace shi ne kowane ɗaki ko sashe da tasa, injin ruwa da tasa. Wanda tasa ta faɗi ya san matsalar a wajensa take.

Sai janareta da sola, waɗanda yanzu su ne wutar gidaje da yawa. Idan RCD tana gefen layin KEDCO kafin canjoba, to duk lokacin da aka juya zuwa janareta babu ita a hanya. Wurinta bayan canjoba ne, inda kowace wuta za ta bi ta cikinta. Ƙananan janaretoci da inbatoci da yawa kuma nutural ɗinsu ba ta haɗe da ƙasa, don haka RCD na iya kasa ganin zubar yadda ya kamata, sai wanda ya san aikin ya yi haɗin da ya dace a gefen injin, da canjoba mai yanke wayoyin biyu. Ita kuwa wayar nan mai fulogi a kowane kai, da ake cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango, ba ta da wani gyara illa a jefar. Ƙafafun fulogin da ke hannunka wuta ce tsirara, kuma idan an manta ba a cire katawut ba, wutar tana komawa layi, taransifoma ta ɗaga ta, ta sami ma'aikacin da ya hau fol yana da tabbacin an kashe layi.

Wa ke da alhakin?

A takarda, ba a bar fagen haka ba. Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da wayarin, NESIS, a 2015. A shekarar aka kafa NEMSA da doka, aikinta duba wayarin da gwada shi kafin a jona wuta, da ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ci gaba da ba ta wannan hurumin. Hukumar tabbatar da ingancin kaya, SON, ke kula da ingancin waya da kayan da ake sayarwa. Kamfanin rarraba wuta iyakarsa mita, abin da ke bayanta na mai gini ne. Tsarin wayarin ɗinmu kuma gadon Ingila ne, har soket da fulogin, kuma ƙa'idarsu ta BS 7671 tun bugun 2008 ta wajabta RCD mai 30mA a soket ɗin amfanin yau da kullum da layukan banɗaki, bugun 2018 ya ƙara da layin fitilun gida.

Bambancin yana wajen abin da ke faruwa bayan an gama gini. A Ingila, dokar 2020 ta tilasta wa mai ba da haya ya kawo ƙwararre ya duba wayarin aƙalla sau ɗaya duk shekara 5, ya ba sabon ɗan haya kwafin rahoton kafin ya tare, ya kuma gyara abin da aka gano cikin kwana 28, in ba haka ba ƙaramar hukuma ta ci shi tara. A jihar Victoria ta Ostireliya, daga watan Maris na 2023, ba a ba da gida haya sai layukan soket da na fitilu suna kan bireka da RCD. A Kano kuwa gida zai shekara 30, 'yan haya goma su shiga su fita, kowa ya ƙara esi ko ya ja waya zuwa kicin, babu wanda ya taɓa ɗora na'urar awo a kan wayarin. Takardar haya, inda ma aka rubuta, tana maganar fenti da yashe masai, ba ta cewa uffan kan wuta. Dokar 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar lantarki a cikin iyakokinsu, kuma a ganina sharaɗin duba wayarin gidan haya yana cikin abubuwa mafi araha da jiha za ta iya farawa da su.

Kafin nan, ra'ayina a fili yake. Duk abin da ke cikin bango da akwatin wuta na mai gida ne: waya, atin, birekoki, RCD, soket. Shi zai ci gaba da mallakarsu bayan ɗan haya ya tashi, kuma shi ya karɓi kuɗi a kan cewa gidan yana zaunuwa. Ƙa'idar da kowa ya taso da ita, ta babu cuta babu cutarwa, ba ta tsaya a bakin akwatin wuta ba. Kuɗin na'urar da na sandar atin da ladan mai aiki ɗan ƙaramin kaso ne na hayar shekara ɗaya, kuma ita wannan na'urar tana kama zubar da ke ɗumama waya a cikin silin kafin ta zama gobarar da za ta ci ginin nasa.

Ƙarfin ɗan haya kuwa rana ɗaya yake da shi, ranar da kuɗin ke aljihunsa. Bayan an biya, sai "za a duba, in sha Allahu." Don haka a je ganin gida da mai gyaran da aka yarda da shi, a lokacin da akwai wuta. A buɗe akwati, a nemi mai harafin T, a danna. Idan ba ta faɗi nan take ba, ta mutu ko an zagaye ta. A kwance soket biyu ko uku, musamman na kicin da na kusa da banɗaki, a ga ko koriyar waya tana nan, a bi ta har sandar. A duba kaurin waya, wanda ake aunawa da milimita sukwaya: 1.5 na fitilu ne, 2.5 na soket, esi da hitar banɗaki da kukar lantarki suna son layinsu daban, 4 ko 6 gwargwadon nauyinsu. A kankare bakin wayar da wuƙa, idan cikinta fari ne to alminiyam ce aka yi wa rigar tagulla. A gwada makunnin fitila, domin akwai gidajen da aka sa shi a kan nutural, ka kashe ƙwai ya mutu amma mazauninsa na ɗauke da wuta. Soket mai baƙin tabo ko ƙaurin roba ya riga ya ba da labarin kansa.

Maganar da mai gida kuma ba ta bukatar faɗa. "Alhaji, gidan ya yi mana, sai dai babu atin, babu na'urar da ke yanke wuta idan ta ja mutum, ga yara. In ka amince mu sa a yi, a cire a kuɗin haya, a rubuta a takarda." Wani zai ce, "Malam, shekara nawa ana zaune a gidan nan ba abin da ya faru?" Wani zai ce a raba biyu. Ko rabin ne, a karɓa a yi, a sa dillali ya shaida, a ajiye rasit. Idan ya ƙi ƙememe kuma babu wani gidan, akwai RCD ta tafi-da-gidanka da ake cusawa a soket kafin fulogi, da soket mai RCD a jikinsa. A sa wa firiza, injin wanki da injin ruwa, in an tashi a tafi da abinsu. Kowace iri ce, a riƙa danna maɓallin gwajin aƙalla duk wata shida, farkon damina da farkon sanyi sun fi sauƙin tunawa. Maɓallin yana nuna na'urar na da rai ne kawai, ba ya gaya maka lafiyar atin, wannan sai an auna.

Akwai abubuwan da ba mai gidan da zai ɗauke wa ɗan haya. Hitar bokiti ita ce ta farko. Da sanyin Disamba da Janairu kowane gida tana aiki, kuma kuskuren kullum ɗaya ne: tsoma yatsa a ji ko ruwan ya yi zafi alhali tana jone, ko a bar ta a bokiti an ɗauke wuta, a fita, a dawo da wutar ba kowa. A zare fulogin tukuna, kashe makunni bai isa ba. Soket ɗaya iyakarsa amfiya 13, kusan wat 3,000, don haka hita da dutsen guga da butar lantarki a kan ekstenshan guda sun wuce ƙima. Canza fes da hannu a katawut cikin duhu, da ɗaura silin waya a madadin fis, da igiyar shanya ta ƙarfe da aka ɗaure a jikin kwano ko ƙarfen tanki, duk sun ci rayuka. A gidan da ke da inbata kuma, "an ɗauke wuta" ba ya nufin soket ya mutu.

Idan ta faru, wuta ta riƙe wani, kada a kama shi da hannu. A kashe babbar bireka ko canjoba, ko a zare fulogin, wanda ke nufin kowa a gidan, har yara masu wayo, ya san inda makashin yake, kuma kada a kulle shi a ɗakin wanda ya yi tafiya. In ba a kai ga makashi ba, a tsaya a kan busasshen abu a ture shi da busasshen katako ko roba. Wannan na wutar gida ne. Idan babbar wayar layi ce ta faɗo, ba a matsowa kusa ko da sanda, sai a kori mutane a kira KEDCO da lambar gaggawa ta 112. Bayan an raba shi da wutar, a duba numfashi. Idan ba ya yi, ba lokacin ɗura madara ko yayyafa ruwa ba ne: a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Wanda wutar ta riƙe, ko ya suma, ko ta ƙone shi, ko yake jin ciwon ƙirji, da mai juna biyu, a kai su asibiti a duba zuciya ko da sun miƙe sun ce lafiyarsu ƙalau. Layin da ya yi jan kuma a bar shi a kashe har sai an gano inda wutar ta zubo.